Dattijo Mai Filas a Tashar Safana

A tashar Safana akwai wani dattijo da ya kasa zama. Hularsa a karkace, takalmansa duk laka, ya rungume wani tsohon filas naɗe da tawul. Sai zagaya motar Batsari yake yi, yana kara filas ɗin a kumatu ya ji ko ɗumin na nan.

"Baba, saura mutum huɗu," in ji direba.

"Ɗana, shayin zai huce. Mai ɗakina ce a asibiti, kwana uku ba ta iya cin komai. Yau ta aiko tana son shayi mai kofi."

Ina jin bai taɓa hura wuta dominta ba sai yau. Ya tsayar da mai babur, ya cusa filas ɗin cikin riga, ya haye.