Jaririyar Ciyawa da Suka Hana Ki Riƙewa

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, da hantsi, kika cika a ɗakinki, Gwaggo, kina fuskantar jan dutsen da aka haife ki a gindinsa. Ba zan rubuta sunanki ba, mu 'yan ƙabilar Anangu ba ma kiran sunan wanda ya rasu.

Ke kika koya wa matan garinmu ɗinka ciyawar daji da zaren ulu: kwando, ƙadangare, raƙumi mai karkataccen baki. Ranar da na kawo miki karena na farko, kika jujjuya shi kika ce, "Ke Tjariya, wannan kare ne ko buhun fulawa? Warware!" Na warware ina hawaye. Kika zauna tare da ni har sai da ya tsaya da ƙafafunsa.

Aiki ɗaya ne kika yi babu dariya. Kina da shekara sha tara ma'aikatan gwamnati suka zo da mota suka ɗauke 'yarki Imitja, wai fatarta ta yi haske, sai dai ta tashi a hannun Turawa. Ba ki sake ganinta ba. Bayan shekara hamsin kika saƙa ta da ciyawa, daidai tsawonta na ranar, kika yi mata suma da gashin raƙumi. Wani gidan adana kayan fasaha can birnin bakin teku ya nemi ya ajiye ta. Kika yarda, ko Imitja za ta gifta wata rana ta tsaya.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da ke, kika ce, "Ku ce su kawo mini jaririyar ciyawar nan in riƙe. Kwana ɗaya tak."

Sau shida ina kiransu. Suka ce zafin hamada zai ɓata ta. Suka ce gumin hannu yana lalata ciyawa. Hannun da ya tsinko ciyawar nan da kansa! Daga ƙarshe suka ce kwamiti zai zauna a watan Afrilu.

Jiya sun aiko da furanni da wasiƙa, wai sun yi babban rashi. Na mayar musu da kayansu. Sau biyu aka raba ki da yarinyar nan, kowane karo da takarda mai hatimi da murya mai laushi. Ke mai yafiya ce, Gwaggo. Ni kam ban yafe ba.

Allah ya jiƙanki, ya sanyaya makwancinki, ya ba 'ya'yanki Wintjiri da Nyukana haƙuri, da mu da kika bari riƙe da allura.

Ke kuma Imitja, in kina raye, kowane suna suka laƙaba miki, uwarki ta rasu. Ba ita ta bayar da ke ba. Ina miki ta'aziyya.