Rabin Baffa a Gefen Hoto

Baba mutum ne mai magana. Ya yi shekara da shekaru yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, da ya yi ritaya kuma sai ƙofar gidanmu na Sabon Gari ta zama ajinsa. Tun zamanin taron ƙasa da ya kawo siyasar jam'iyyu, da bakin kowa ya buɗe, la'asar ba ta wucewa ba a ji muryarsa bisa tabarma ba, rediyo a cinya, yana warware wa dattawan unguwa abin da tsarin mulki ya ce da abin da bai ce ba. In gardama ta yi zafi ya juya zuwa Faransanci, ko da babu mai jin sa.

Shekarar da ake takaddamar tazarcen shugaban ƙasa, ya dawo daga lambunsa na Jiratawa, ya sunkuya zai ɗauki buta, sai ya faɗi. Ya yi kwanaki a asibiti. Aka dawo mana da shi hannun dama ba ya motsi, ƙafa tana ja, sunayen abubuwa kuma duk sun ɓace masa. Yana jin abin da ake cewa sarai. Amma sai ya dubi kofi, ya buɗe baki, ya ce, "Wannan... wannan..." har hawaye su taru masa. Dattawan suka yi mako biyu suna zuwa, sannan suka koma da majalisarsu ƙofar wani gida. Ban ga laifinsu ba. Garin yana tafasa da zance, wanda ya fi kowa iya zancen kuma yana zaune shiru.

Lokacin ina aikin buga takardu a wani shago kusa da kasuwa. Ina da tsohuwar ordinater, kwamfuta ta ɗauka a jaka, cikinta akwai wata manhaja da nake koyon Ingilishi da ita. Katuna ne a ciki: hoto ya fito a allo, ka faɗi sunan abin, ka danna, kalmar ta bayyana ƙasa. Likita ya ce mana a riƙa nuna wa Baba abubuwa ana sa shi faɗin sunansu, sai na ce to, ga abin yi a hannu. Na goge Ingilishin, na rubuta Hausa a wurinsa.

Ranar farko na ɗora ordinater bisa kujerar tsuguno a gabansa. Saniya ta fito, wata ƙatuwa mai baƙi da fari, ba tozo, tana tsaye cikin ciyawa shar. Baba ya dube ta, ya dube ni. Na danna, gida ya fito, mai jan rufi da bututun hayaƙi. Sai ya kau da kai.

Inna tana tankaɗe a gefe. Ta ce, "Ke ma dai. Ina ya taɓa ganin saniya haka? Ko ni da bakina lafiya ban san mi zan kira ta ba."

Na ari ƴar kyamarar mai shagonmu. Na fara da tsakar gida: butarsa, rediyonsa, turmin Inna, akuyar da ke ɗaure a gindin dalbejiya. Ran Lahadi na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa, na ɗauki zogalensa, da fangalin albasa, da hanyar ruwa, da hauyarsa mai ƙotar da ya ɗaure da roba. Hotunan suka zo da tasu fitina. Wani ya yi wa manhajar nauyi ya ƙi fitowa, wani ya fito a kwance, akuya ƙafafu a gefe. Da tambaya da gwaji na koyi rage musu nauyi da miƙar da su.

Na kuma koyi yanka. In na nuna masa turmi, ga tsintsiya a gefe, ga kaza tana wucewa, sai idonsa ya rasa inda zai tsaya. Don haka kowane hoto sai na datse shi, abu ɗaya tak ya rage, na ƙara masa girma ya cika wuri. Daga baya Inna ta lura ba ya ganin kwanon da aka ajiye masa ta dama sai an turo shi hagu. Na koma na matsar da hotunan duka zuwa hagun allo.

Kalmar da ta fara dawowa hauya ce. Ya daɗe yana kallon ƙotar nan mai roba, leɓensa yana rawa, ya ce, "Hau... hauya." Inna ta saki rariya ta shige ɗaki. Ni kuwa na danna, kalmar ta fito, na ce, "Haka ne, mushe," yadda ɗalibansa ke kiran sa da Faransanci. Ya yi dariya da rabin baki.

Kullum bayan la'asar muke zama, in akwai wuta. In an ɗauke, batirin ba ya kai mu ko'ina, sai mu zauna muna jin rediyo yana ta kawo maganar zanga-zanga da yajin aiki. Nakan ga yatsun hannunsa na hagu suna bugun gwiwa, yana da amsar da zai ba mai magana, ba hanyar fitar da ita.

Da kayan gida da na lambu suka ƙare, na ce zan tafi Tsibiri, zuwa gidan da aka haife shi, in ɗauko rijiya da rumbu. Inna ta ce, "Ki gaishe da Baffanki dai."

Baffa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, manomin gero da bai taɓa barin Tsibiri ba. A zaɓen farko da aka yi bayan taron ƙasa kowannensu ya bi jam'iyyarsa. Wurin wani suna gardama ta kai Baba ya ce masa, gaban jama'a, wanda bai iya karanta takardar zaɓe ba bai kamata ya koya wa mutane inda za su dangwala ba. Baffa ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Jam'iyyun nan sun haɗe, sun rabu, sun sake haɗewa, su kuwa sai wurin jana'iza suke musabaha, kowa yana kallon gefe. Da Baba ya kwanta asibiti, Baffa ya aiko da gero da gaisuwa, bai zo ba.

Na iske shi yana gyaran jinkar rumbu. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Shi da bakinsa ne bai san sunan rumbu ba?"

Na ce, "Ya sani, Baffa. Fitowa ne ba ya yi."

Ya matsa gefe don in ɗauka, amma bai matsa da nisa ba. Duk hoton da na ɗauka sai ga shi a bakinsa: kafaɗa ɗaya, rabin fuska, hannu riƙe da igiya. Na ce a raina ba komai, zan yanke.

Na yanke kuwa. Amma wajen sakawa cikin katin na ɗauko na asalin, ban lura ba. Washegari muka zauna, buta ta wuce, akuya ta wuce, sai ga rumbu a tsakiya, rabin Baffa kuma can gefen hagu, daidai inda idon Baba yake gani. Na kai hannu zan wuce da sauri, ya dafe mini hannu da nasa na hagu.

Na ce, "Baba, rumbu. Ka ce rum..."

Ya ce, "Yaya."

Ba rawar leɓe, ba lalube. Ya sake cewa, "Yaya," ya kai yatsa ya taɓa allon. Ranar ba mu ƙara ko kati ɗaya ba. Duk lokacin da allon ya yi duhu sai ya dube ni in taɓa ya dawo.

Inna ba ta shawarci kowa ba. Da safe ta yafa mayafi ta tafi Tsibiri da kanta. Ban san abin da ta faɗa masa ba, ba ta kuma taɓa gaya mini ba. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci muka ji sallama, Baffa ya shigo, ya cire takalmi, ya nufi dama da Baba zai zauna. Na ce, "Baffa, ta nan ba ya ganin ka." Ya zagayo hagu.

Ya ce, "To, mai gardama. Ga ni."

Baba ya kama bakin rigarsa ya riƙe. Na ga yana ta neman wata magana, doguwa ce, wuyansa har ya kumbura. Ba ta zo ba. Baffa ya ce, "Bari, bari. Na ji." Suka zauna haka har aka kira la'asar.

Daga nan kowace Juma'a yana tafe. Ordinater ba ta burge shi ba, ya ce madubin banza ce. Shi da kayansa yake zuwa cikin aljihu: zangarniyar gero, ɗan goriba, ƙwaryar shan fura. Ya ɗora wa Baba a tafin hannu ya ce, "Mi ne wannan? Kai da ka yi boko." Wani ya fito, wani ya ƙi. Wanda ya fito nakan ɗauki hotonsa in ƙara cikin katunanmu.

Baba ya ƙara damina biyu. Ya kai yana haɗa kalma biyu, uku: "ba ni ruwa," "rana ta yi." Sojoji suka karɓi mulki, aka sake zaɓe, duk yana ji a rediyo, bai samu ya ce komai a kai ba. Baffa ne ya yi masa wanka da ya rasu, shi ma bai daɗe ba ya bi shi.

Ordinater ta mutu bayan haka, mai gyara ya ce ba abin da za a iya cirowa. Ban yi baƙin cikin hotunan sosai ba, hauyar tana nan, rumbun ma yana nan. Abin da ke cina shi ne, a jikin kowane kati akwai wurin da ake saka murya. Kullum ina ganin sa, ban taɓa dannawa ba. Ina jira sai bakinsa ya ƙara warwarewa, don na san ba zai so a adana shi yana in'ina ba. Yanzu ƴaƴana suna tambayata yaya muryar kakansu take, sai in ce babba ce, ana jin ta daga bakin titi. Iyakar abin da nake iya gaya musu ke nan.