Ila mai agogo a ƙafa ya tafi

Da safen nan ina cikin buɗe shago wani direba ya tsaya ya ce mani Ila ya rasu. Na ce wane Ila? Ya ce naka mana, mai agogo a ƙafa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, Ila ɗan dako ne a nan bodar Jibiya, mutumin wajen Maraɗi. Ƙato ne mai tumbi, in ya yi dariya har tsallaken titi ana ji. Ni kuma gyaran waya da caji nake yi kusa da inda manyan motoci ke sauke hatsi.

Ciwon ƙaba ya daɗe yana cin shi. Da tsohon rawani yake tamke ciki kafin ya ɗauki buhu. Bara ya je asibiti Katsina, likita ya ce sai an yi mashi aiki, amma jininshi ya hau, ƙiba ta yi yawa, ya je ya rage tukuna.

Ya dawo yana ta faɗa. "Injiniya, wai lokotoron nan ya ce in riƙa motsa jiki. Ni da ke wuni ƙarƙashin buhun masara, wane motsi ya rage?"

Shi ne na samo mashi agogon nan mai ƙirga taku da bugun zuciya. Wayarshi ƙarama ce mai madannai, sai na haɗa agogon da tawa. Kullum yamma zai zo in karanta mashi.

Ranar farko ya wuni yana tura baro, muka duba, agogo ya ce kusan bai taka ko'ina ba. Ashe in hannu na riƙe da baro ba ya ƙirgawa. Ila ya ce bai taɓa ganin maƙaryaci irin wannan ba, ya kwance shi ya ɗaura a idon sawu. Daga ranar suna ya bi shi.

Ya bar lemun kwalba, ya bar suga a fura, ya rage malmalar tuwo. Amma bai fasa sayen malmala biyu ba, ɗaya yake miƙa wa duk direban da motarshi ta kwana a boda.

Ranar da ruwa ya shigo mani shago, shi ya saɓa janaretana a kafaɗa ya fitar, da ciwon nan a jikinshi. Na yi ta mashi faɗa, yana ta dariya.

Da ya fara zubewa mutane suka dame shi da "Ila, lafiya kake ramewa?" Sai ya ɗage ƙafar wando ya nuna masu, ya ce ku tambayi wannan.

Makon jiya ya koma asibiti, suka auna shi, suka ce yanzu ya yi, ya jira kira.

Shekaranjiya na gan shi ƙarshe. Ya zauna a bencina yana nuna mani yadda wando ke zame mashi. Ya ce, "Injiniya, in aka yi aikin nan, abin da nake so in yi sujada ban dafe ciki ba."

Na ce Yaya Ila, don Allah ka huta da buhu har su kira. Ya ce kaka ce, motocin wake sun yi layi, in ya zauna abokan aikinshi za su ɗauki nashi kayan a kan nasu.

Jiya bayan la'asar ya ɗaga buhu, sai ya durƙusa yana riƙe da ciki. Ba su kai Katsina da shi ba, a hanya ya cika.

Ɗazu, ina zaune ban ko kunna janareta ba, wayata ta yi ƙara. Wata mata ce daga asibitin. Ashe lambata ya ba su. Ta ce a gaya wa Ila ya zo ranar Alhamis da sassafe, kar ya ci komai.

Na ce mata to. Wallahi abin da bakina ya iya ke nan.

Allah ka jiƙan Ila, ka yafe mashi, ka sa ciwon nan da ya ɗauki kaya da shi ya zama kaffara. Ka ba iyalinshi haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, kar ya wuce bai yi mashi addu'a ba.