Wa Zai Zauna Kusa da Ni a Jirgi, Na'Allah?

Shekara goma sha ɗaya ke nan mutanen Gaya suna ce mini Alhajin Yamai, kuma ban yafe ba. Mutum ɗaya ne bai taɓa kirana haka ba, shi ne Alhaji Na'Allah, abokin tuƙina, wanda Allah ya karɓi ransa ranar Laraba, sha biyu ga Shawwal, bayan jinyar kwana huɗu. Na Allah ne mu, gare shi za mu koma.

Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Na'Allah, kai ka san gaskiya. Shekara arba'in ina jan kamyo, babbar motar kaya, daga Kwatano zuwa Yamai, ban taɓa shiga motar da ban ga idon direbanta ba, ban doki tayarta da ƙafa ba. Da muka isa filin jirgin Yamai za mu hajji, na ce a nuna mini direba. Aka yi dariya. Na ce to in duba taya. Suka hana. Na ɗauki jakata na komo gida, sunan ya bi ni. Tsoro ne, yau na faɗa.

Da ka dawo daga Makka, gidana ka fara zuwa da ruwan zamzam. Ka ce, "Jibo, tsoron naka da hujja, amma Ka'aba ba ta zuwa Gaya."

Daga nan ka sa ni gaba. Ka hau da ni bisa lodin albasa, da tsufanmu, muka ƙetare gadar Malanbil, wai in saba ganin ruwa daga sama. Na zage ka tun daga wannan gaɓa har waccan. Ka koya mini ja numfashi a hankali, carbi a hannu. Ka ce in jirgi ya girgiza, in ɗauka ramukan hanyar Dosso ne.

Bana na yarda. Ka sa aka rubuta sunayenmu tare, ka ce, "Kai ka rufe ido, ni zan riƙa gaya maka inda muke."

Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki, ka tafi ka bar ni.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Hasiya, Allah ya ba ki haƙuri, ke da yara duka.

Isma'il, kai ne babban ɗansa. Sau uku ina tambayarka a zaman makoki, kana ce mini, "Baba, sai an yi bakwai." An yi bakwai. Ina son in je in yi wa ubanka addu'a a Arfa, amma ni kaɗai ba zan iya taka matakalar jirgin nan ba. Kujerarsa tana nan. Kai za ka zauna, ko wa? A ba ni amsa.