Des Pybus da Iccen Cikin Riga

Des Pybus ya tsufa a ƙauyen Miena yana faskare, bai taɓa damuwa da ko icce ya bushe ba. Sai shekarar da hayaƙin ɗanyen icce ya kama ƙirjin matarsa Noelene, aka kwantar da ita a asibiti a Launceston. Likita ya ce in ta ƙara shaƙar irinsa, to, sai dai haƙuri. Tsoro ya kama Des, tsoro na gaske.

Ya sayo 'yar na'ura mai ƙusa biyu, wadda ake caka wa icce ta faɗi yawan ruwan cikinsa, ya rantse ba zai hura murhun ɗumama gida ba sai ta yarda. To amma a ƙasarsu Yuli ne tsakiyar hunturu, icce daskarewa yake yi, kuma daskararren icce maƙaryaci ne: ruwan ya zama ƙanƙara, na'ura ta ce busasshe. Dole a ɗumama shi kafin a auna. Da me kuwa, ga murhu a kashe?

Des ya duba, babu mai ɗumi a gidan sai shi kansa. Ya faskara gungume, ya cusa ɓari cikin riga, ya ɗaure da bel. Haka yake zuwa kanti, haka yake zuwa coci.

"Des, wata nawa ne?" in ji maƙwabcinsa Trevor. "Ko a fara neman ungozoma?"

"Kai dai ji da bututun murhunka mai hayaƙi kamar tsohuwar tirela."

Abin haushi, duk iccen da ya ciro ya caka, sai na'ura ta ce jiƙaƙƙe. Bawan Allah bai taɓa kawo wa ransa cewa guminsa ne ba.

Ranar da aka sallami Noelene, ta tarar ruwan butar shayi ya daskare, icce jibge har rufi, ga miji ƙirji duk sartse.

"Ba zan hura ba, Noel," ya ce. "Duk ɗanyu ne. Ba ni zan kashe ki ba."

Ta dubi tudun rigarsa. Dariya ta zo mata, tari ya tare ta.

"Tsohon banza. Cire wannan gungumen, ka sa ni a ciki."

Ya kwance bel ɗin, ya buɗe mata rigar. Ta fi duk iccen da ya taɓa ɗauka sanyi, ta kuma fi su rashin nauyi.