Jar masarar Mabai: shekara ashirin da biyar babu Yaya Garba

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba, Allah Ya jiƙansa. Ba ciwon ajalinsa nake yawan tunawa ba. Wani hantsi ne a Mabai, har yau in ya faɗo min gabana sai ya faɗi.

Lokacin kuɗin mai ne, an buɗe firamare kyauta a kowane ƙauye, aka kwaso samari irina aka yi mana horon shafa-mu-lera, aka ce ga alli. Yaya Garba aka ba aikin zagaya Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, yana nuna wa malaman lissafi da noma yadda za su koyar da yaran da Turanci bai zauna musu ba. Bai iya babur ba, ga tsoron rami, sai na zama direbansa.

Ranar a makarantar Mabai mun tarar da malamin noma ya raba wa yara irin masara na gwamnati, wanda aka cuɗa da jan maganin ƙwari, su kai gida a shuka. Ya rubuta gargaɗi a allo da Turanci cewa guba ne, ba a ci. Yara suna ta rera shi baki ɗaya kamar karatun allo, ba tuntuɓe. Wallahi ni ma sun burge ni.

Yaya bai yarda da amshi ba. Ya san ɗan Bahaushe ba zai dubi babba ya ce bai gane ba. Ya durƙusa gaban wata yarinya, ya tambaye ta da Hausa me za ta yi da masarar.

"Inna za ta yi mana gugguru, Malam."

Sai malamin ya ce ai 'yan aji na gaba tun jiya suka tafi da nasu.

Ban taɓa ganin Yaya yana gudu ba sai ranar. Muka rarraba gida-gida, muna faɗawa ba sallama, mata na salati. A wani gida can bayan gari na tarar an wanke ta an zuba a turmi. Matar gidan ta ce ai jan ya fita. Na kifar da turmin. Allah Ya kiyaye, kaji kawai aka rasa.

Bai zagi malamin ba, ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mu ma haka aka koyar da mu. Daga ranar duk malamin da ya horar sai ya kawo abin a hannu ya nuna, ya faɗa da Turanci mai sauƙi, sannan ya sa yaro ɗaya, ba aji ba, ya maimaita da Hausarsa.

Da zai dawo yau, hanyar Sheme ma ba zai iya bi ba saboda 'yan bindiga. Malaman da ya horar wasu sun rasu, wasu sun yi gudun hijira, kuma ina tsoron abin da ya koya musu ya tafi tare da su. Bai bar gida ko gona ba, tambayar nan kawai ya bar min.

Makon jiya jikata ta rera min darasin kimiyya kan maganin feshi, tas, da Turanci. Jarkar maganin na nan jingine da rumbunmu. Na ce ta faɗa min da Hausa. Ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai.