Gwaggo Mai Tsaki da Farin Ƙyallen Tela

Kafin sauran shagunan layin su ɗaga ƙofa, Gwaggo Mai Tsaki ta riga ta share gaban nata, ta yayyafa ruwa, ta jingine tsintsiya. Shagon ba wani babba ba ne: buhunan abincin kaji hagu da dama, sikeli a tsakiya, sai wani benci da ƙafarsa ɗaya ta karye aka tallafe shi da bulo. Aikinta na farko kullum shi ne ta tura hannu cikin duk buhun da aka buɗe, ta damƙo, ta shinshina. In ta ji warin danshi, to buhun nan ba mai sayensa a hannunta, ko da mai shago zai yi ta ƙunƙuni har azahar. Ba ita ce mai shagon ba, ma'aikaciya ce. Shekara ashirin da tara ke nan tana auna wa mutane abincin kaji, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don gwiwoyi sun ce a kai kasuwa.

Wanda bai san ta ba zai ce fitinanniya ce. Ka zo sayen abincin 'yan tsaki, a ganinka minti biyu ka gama, sai ta tsare ka da tambayoyi. Kwanansu nawa? An yi musu riga-kafin zawon jini tun daga inda aka ƙyanƙyashe su? In an yi, ba za ta ba ka abinci mai magani ba, don ta ce maganin yakan ɓata riga-kafin. In ba a yi ba, mai magani za ka tafi da shi ko kana so ko ba ka so. Ranar da kuwa ka ce za ka sauya musu zuwa marar magani, to samu wuri a bencin nan ka zauna, karatu ya tashi.

"Gwangwani uku na tsohon, ɗaya na sabon, kwana uku," haka take cewa tana lissafawa da yatsu. "Sannan biyu da biyu, kwana uku. Sannan ɗaya da uku. Kuma kada ka haɗa musu sauyi biyu a mako guda. In ka sauya abinci, bar su a ɗakinsu. In ka sauya musu ɗaki, bar musu abincinsu. Cikin ɗan tsako bai kai kan yatsanka ba, ina zai kai gaggawarka?"

Masu kiwo da yawa sun sha wannan karatu suna hamma. Amma a tambayi Baba Tela.

Baba Tela ya yi shekara arba'in a kan keken ɗinki, har ido ya fara yi masa gardama, zare ya daina samun kafar allura. Matarsa ta rasu, gida ya rage daga shi sai keken da ya lulluɓe da zane. Babbar 'yarsa, wadda take aure a wani gari mai nisa, ta matsa lamba ya koma wurinta. Shi kuwa ya ce gidan da ya gina da allura ba zai bar shi ya je ya zama ɗan zaman ɗaki a gidan suruki ba. Ya ce zai yi kiwon kaji ya riƙe kansa. Kiwon farko ya ƙare a bola. Da za a kawo na biyu, 'yan tsaki ɗari da hamsin, sai 'yar ta sa sharaɗi: in waɗannan ma suka mutu, zai haɗa kaya ya bi ta ba musu. Ya amince, don ba shi da bakin cewa a'a.

Mako biyar komai lafiya lau. Sai ga shi ranar da buhunsa na mai magani ya ƙare, Gwaggo ta tafi asibiti a duba mata gwiwa. Baba Tela ya yi lissafi irin na mai hankali: magani ai na marar lafiya ne, nawa kuwa ga su nan kamar su fasa ɗaki don ƙoshin lafiya. Ya sayi marar magani a hannun mai shago, ya juye musu tashi ɗaya. Bai tsaya nan ba. Ganin sun yi girma, a ranar ya kwashe su daga ɗakin ɗumi ya sake su a sabon keji a tsakar gida, kan ƙasar da ruwan sama ya jiƙa.

Sai bayan kwana biyar mai shago ya ambata wa Gwaggo a cikin hira. "Af, tsohon telan nan ya zo ranar da ba kya nan, ya ɗauki marar magani."

Gwaggo ta ajiye gwangwanin da ke hannunta. "Gauraya ya ce zai yi?"

"Ni ban tambaye shi ba."

Kallon da ta yi masa ya ishe shi. Ana yin la'asar ta ja gwiwarta, tana tafe tana hutawa, har ƙofar gidan Baba Tela.

"Maraba da Gwaggo!" in ji Baba Tela, wanda ya girme ta da shekara goma amma yana kiranta Gwaggo kamar kowa. "Ai da kin aiko na zo. Lafiyarsu ƙalau, ɗan sanyi ne ya sa suka takure."

Ta leƙa kejin. Sun cure a kusurwa, fukafukai sun sauka, gashi ya tashi, abinci na nan ba a taɓa ba. Ta dafa bango ta durƙusa da kyar, ta tono ƙasar da tsinke.

"Baba, dubi nan. Jini ne a kashinsu."

Ya sunkuya, ya matso, ya ƙara matsowa har gemunsa ya kusa taɓa ƙasa. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗago.

"Gwaggo, ni ban ga komai ba."

Faɗan da ta taho da shi tun daga shago a nan ya mutu a bakinta. Ta gane cewa ba sakaci ne kaɗai ba. Mutumin nan kwana biyu yana shiga kejin safe da yamma, jini na gabansa, idonsa ba ya raba ja da launin ƙasa. Tausayi ya kama ta, amma ba ta nuna ba, don ta san tausayi ne abin da ya fi tsana.

"Tela guda a ce ba farin ƙyalle a gidansa?" ta ce. "Ɗauko min duk ragowar farin yadin da ka ɓoye."

Ta kira likitan dabbobi, don ita ba ta taɓa yi wa kanta kallon likita ba, kuma ta sha faɗa cewa abinci mai magani tsari ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Likita ya zo ya ba da maganin da za a zuba a ruwan sha. Aka mayar da 'yan tsakin busasshen ɗaki, aka zuba sabuwar dusar katako. Ita kuwa ta shimfiɗa farin ƙyalle a gefen mazubin abinci, inda suka fi tsayawa.

"Kullum da safe ka ɗauke shi ka fita da shi rana," ta ce masa. "Ja a kan fari ba zai ɓuya maka ba. Ka sa sabo, ka wanke wancan da ruwan zafi."

Washegari ya ɗaga ƙyallen a hasken rana, ya ga jan da idonsa. Sha ɗaya suka mutu a kwana ukun farko. Gwaggo ta riƙa biyowa ta gidan kowace safiya kafin ta buɗe shago, har kwana takwas. Ranar da ƙyalle ya fito ba ɗigon ja, tsohon nan da kansa ya kawo mata shi shago, yana ɗaga shi sama tun daga bakin layi. Da suka murmure aka koma kan mai magani, daga baya aka yi sauyin yadda ya kamata, gwangwani bayan gwangwani. A wajen awo kam ba ta sha wahalarsa ba, ai sana'arsa ce.

Labarin cutar ya riga ya kai kunnen 'yarsa. Ta zo da mota da manyan jakunkuna biyu babu komai a ciki. Ta shiga tsakar gida ta tarar da kaji ɗari da talatin da tara suna wawar abinci, ubanta a tsakiyarsu da gwangwani a hannu.

"Baba, an ce min sun kamu."

"Sun kamu."

Ta dubi jakunkunan, ta dube shi. "To yanzu fa?"

"Yanzu ki matsa, kin taka musu mazubin ruwa."

Gwaggo, ke ce kika yi wannan, ko da yake kin ce maganin likita ne da ikon Allah. Ke ce mai tambayar da take gundurar mai saye ta ceci kiwonsa. Uwar marasa baki, mai gane ciwo tun kafin ya kwantar. Ba a taɓa kiranki taro an ba ki lambar yabo ba, kuma da an kira ki da kin ce wa zai tsare shago. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa ki ci hutunki da lafiya.

Ku kuma da za ku tsaya a bayan sikelin nan in ta tafi, da duk wani mai sayar wa talaka abin da rayuwarsa ta rataya a kai, ku daure ku yi tambaya kafin ku miƙa buhu, in abu ya ɓaci kuma ku taka ku je ku gani da idonku. Jakunkunan nan biyu sun koma yadda suka zo, kuma yau ma a gidansa Baba Tela ya wayi gari.